Ranar da Tankin Akuya Ya Ja Numfashi

Ubana bakanike ne, kuma da Kunne aka san shi. In ka shiga layin gareji kana nemansa da sunansa na yanka, sai ka sha yawo, amma kana cewa Kunne, ko mai sayar da ruwa zai nuna maka rumfar da baki. Tun yana saurayi sunan ya bi shi. Mota za ta shigo, mai ita bai gama kashe ta ba, bai ma kai ga sallama ba, Baba ya riga ya faɗa masa abin da ya kawo shi. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi, don tun daga gida suka shiryo dogon bayani.

Garejin ba wani abin kallo ba ne. Rumfar kwano ce da rami a tsakiya, da benci guda wanda baƙin mai ya jiƙa har katakon ya daina kama da katako, sai wani akwatin ƙarfe cike da tsofaffin kayan mota, wanda Inna ke kira juji mai kwaɗo. Babban kayan aikinsa wani dogon sukudireba ne mai mariƙin katako. Sai ya ɗora bakinsa a jikin injin yana aiki, ya danna mariƙin a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. In yana haka ko tari ba a yi a rumfar.

Ni ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa har yau, da 'ya'yana uku, Uwata yake ce min. Ban zama bakanike ba, ɗinki nake yi, amma a rumfar nan na yi wayo, kuma abin da ya shiga kaina a lokacin bai fita ba. Ina tuna ranar da na yi wa gwangwanin madara huji ɗaya, ina ta girgiza shi a kan shayinsa, madarar na ɗiga kamar ana roƙonta. Ya karɓa ya ƙara huji na biyu a ɗaya gefen, sai ta zubo. Ya ce, "Kin gani, Uwata? Ba abin da ke fita sai iska ta samu hanyar shiga. Mota ma haka take. Ba fetur kaɗai take sha ba, numfashi take yi." Na ce to, hankalina na kan ragowar madarar.

Ƙa'idodinsa biyu ne, kuma ya ishi kowa da su. Ba ya yanke wa mota hukunci sai ya hau ta, ta kai shi inda take nuna ciwonta, ko da bayan gari ne. Sannan ba abin da yake ɗaura wa mota sai ya bi ta kunnensa: ya ƙwanƙwasa, ya girgiza, ya saurara. Bakaniken da ke cire wannan ya sa wancan har Allah ya sa a dace, 'yan caca Baba ke kiransu, kuma a gaban idonsu. Baki ne da shi. Ni ma na gada. Inna ta ce duk cikin abin da ya mallaka ban ga abin ɗauka ba sai wannan.

Wajen shekara biyu kafin abin da zan ba da labari, muka fara lura da wani abu a gida. Rediyonsa ta ƙara murya har maƙwabta suka daina kunna tasu. In kana magana, bakinka yake kallo, ba idonka ba. Sai kuma ya tsiri amsa komai da kalma ɗaya. Aka ce masa ɓarayi sun fasa shagon tela, ya ce, "Madalla." Ƙannena suka fita waje suna dariya, Inna ba ta yi ba. Ta tara mu a kicin ta ce duk wanda ya kuskura ya ce masa ba ya ji, ba ita ba shi. "Da kunnen nan ya ciyar da ku," in ji ta. "Ku bar masa abinsa." Muka bar masa. A gareji kuwa ba wanda ya gane, don sukudireban nan ta ƙashi yake kai masa ƙara, kuma duk abin da ƙarfe ke faɗa yana ji har yanzu. Abin da ke bin iska ne ya ɓace masa.

Mijina direba ne a wata gonar shanun madara da ke bayan gari. Dogo ake ce masa, dalilin a bayyane yake. Shekara goma sha tara Baba na duba motocin gonar, shi ya kai Dogo gaban Manajan gonar ya ce, "Ga direba, ni na tsaya masa." Aikin ya zo da gida, ciki biyu da falo a cikin gonar. A nan na haifi autata, a nan keken ɗinkina yake a gindin taga. Dogo mutum ne mai sanyi, irin wanda za ka taka ya ba ka haƙuri. A gaban surukinsa kuwa ko ido ba ya ɗagawa. In Baba ya ce taya kusurwa huɗu gare ta, Dogo zai ce ai kuwa shi ma ya lura.

Motar da yake ja 'yar ƙarama ce, ba ƙofa ba gilashi, kujera biyu a gaba, akwati a baya, ƙafafunta huɗu duk suna ja. Ma'aikata suka sa mata Akuya don ba inda ba ta hawa. Aikinta ɗaya ne: kowace safiya ta kwaso madara daga garken da ke can bayan tudu, tulunan ƙarfe takwas, ta kawo ɗakin sanyi. Tafiyar minti arba'in ce. A bi gefen fadama, a tsallake rafi, sannan doguwar hawa mai tsakuwa wadda babu wata motar gonar da ke iya ta da kaya. Madara kuma ba ta jira. In rana ta ɗaga ba ta shiga sanyi ba, sai dai a zubar.

Farkon damina Akuya ta zo sabis. Ina wurin, na kawo wa Baba abincin rana. Ya juye baƙin mai, ya canza filta, ya ɗaure bel. Dogo ya ce murfin tanki ya faɗa rafi, tsumma ya cusa a bakin. Baba ya yi masa faɗan tsumman son ransa, ya buɗe juji mai kwaɗo, ya laluɓo wani murfi, ya girgiza shi a kunnensa kamar yadda ya saba, ya murɗa shi a tankin, ya zauna daram. A wannan makon ne kuma famfon man gonar ya lalace, aka koma ba Dogo jarka yana sayo fetur a gari.

Daga nan Akuya ta canza hali. Da safe ta tashi garau, ta je garke ba kaya lafiya lau. A hanyar dawowa, tana kaiwa tsakiyar hawa, sai ƙarfinta ya fara zarewa. Dogo ya taka totur, ta yi kamar ba da ita ake ba. Ta yi tari, ta fizga, ta sake tari, ta mutu. Sai ya ja birkin hannu, ya sa dutse a taya, ya leƙa nan ya taɓa can, ya zauna jiran injin ya huce. Allurar da ke nuna yawan manta ta daɗe da mutuwa, da sanda yake auna tanki, to in ya gaji da jira sai ya buɗe ya auna, ya ga akwai mai. Ya murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Shi a ganinsa hucewar ce ke gyara ta, don haka wata rana ya jira rabin awa, wata rana awa guda. Sau biyu madara ta lalace, tulu takwas-takwas.

Sau uku ana kai ta wurin Baba. Ya buɗe tanki ya shinshina man. Ya ciro fulogi ya duba launinsu, ya wanke kafireto, ya busa matatar iska, ya gwada famfon mai, ya kwance salansa ya ga ko ta toshe. Ya ɗora sukudireba ya rufe ido, injin na kaɗawa sumul. Ya zagaya da ita filin bayan gareji na minti goma, ba ta ko yi atishawa ba. A zuwa na uku Manaja da kansa ya biyo, ya tsaya a bakin rami yana jira. Baba ya goge hannu ya ce, "Injin nan lafiyarsa ƙalau. A duba abin da ake zuba mata."

Manaja ba mugu ba ne, amma an taɓa cin sa. Direban da ya riga Dogo, kananzir yake haɗa wa motoci yana sayar da fetur, sai da ya kashe injin biyu aka gane.

Ranar Alhamis da rana Dogo ya shigo ya zauna a bakin ƙofa da takalminsa. Na ajiye masa abinci, bai buɗe ba.

Ya ce, "Manaja ya ce ranar Asabar in ajiye makulli. Gidan kuma ƙarshen wata."

"Don mota ta yi tari?"

"Ya ce kananzir nake haɗa mata. Ya ce ba shi ya faɗa ba, surukina ne ya faɗa da bakinsa."

Bakin nan nawa ya riga hankalina. Na ce, "Ka haɗa?"

Kallon da ya yi min, har yau in na tuna sai na ji kunya. Mutumin da ke dawo da ragowar man jarka har na cikin kofi.

Na ce, "To ka ce wa Baba ya hau ta ya je hawan da kansa mana."

"Ni zan gaya wa Baba yadda zai yi aikinsa?"

Na ja mayafi na fita. Aikin ya dame ni, gidan ya dame ni, amma abin da ke ci na shi ne sunan. Direban da aka kora da sunan ɓarawon mai, ba mai sake ba shi makulli, ko na amalanke ne. Kuma da shaidar ubana za a liƙa masa.

Na sami Baba a cikin rami, ƙarƙashin wata tsohuwar a-kori-kura. Na tsuguna inda zai ga bakina.

"Baba, ka hau Akuya?"

"Na zagaya da ita fili."

"Fili ba hawa ba ne. Kai ka ce ba a yanke wa mota hukunci sai ta kai ka inda take ciwo."

Ya ajiye sifana a hankali. "Yau kuma ke za ki koya min aiki, Uwata?"

"Za a kore shi da sunan ɓarawo, kuma da bakinka."

"Ni ban ce ɓarawo ba ne. Cewa na yi a duba mai."

"Wa ke sayo man?"

Ya sake ɗaukar sifana. Na san abin da ya hana shi hawa, shi ma ya san na sani. Mota na gudu ba a ɗora mata sukudireba, kuma direba gabansa yake kallo, ba ka ganin bakinsa in yana magana. Ya daɗe da daina bin motoci hanya, yana cewa gwiwa ce. Maganar na bakina, na ji ɗacinta, na tuna Inna na haɗiye. Na ce kawai, "In za ka je, zan bi ka."

Ya daɗe yana kallon ƙasan motar da ke samansa. Sannan ya ce, "Ki gaya wa mijinki ranar Asabar da ni za a ɗauko madara."

Manaja ya yarda, amma da sharaɗinsa. Da sassafen Asabar ya sa aka tsiyaye tankin tas a gabansa, ya cika shi da man da ya sayo da hannunsa, ya murɗa murfin da kansa. Ya ce zai biyo mu a babur. In ta hau lafiya da mansa, to an san inda matsalar take. Ka ji inda muka tsinci kanmu: ni da mijina muna roƙon Allah a zuci motar da muke ci da ita ta mutu a hanya.

A garke aka ɗora tulu takwas, masu tatsa na satar kallonmu, don labari ya riga ya zagaya. Manaja ya buɗe tanki ya auna da sandar Dogo, ya rufe. Dogo ya kama sitiyari, Baba na gefensa da sukudireba a cinya, ni kuma na takure a baya tsakanin tuluna, ina jin ɗumin madarar a ƙafata. Muka bi gefen fadama. Akuya na tafiya kamar sabuwa, har wani tsalle take. Na leƙa fuskar Dogo ta gefe, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, alhali rana ba ta ma fito sosai ba. Muka shiga rafi, ruwa ya kai rabin taya, ta fita ba gardama. Baba ya karkata kai wajen injin, idonsa a rufe, irin zaman da na sani tun ina yarinya. Ban san me yake ji ba. Ina zaton shi ma bai sani ba.

Muka fara hawa. Kashi ɗaya cikin uku, ba komai. Rabi, ba komai. Dogo ya ce a hankali, "Nan ne take yi," ba tare da ya juyo ba, Baba bai motsa ba. Muka wuce wurin. Na ce shi ke nan, yau ta ga Manaja za ta yi halin kirki, ta kashe mu.

Sai na ji ƙarar ta sauka. Ta yi tari. Ta fizga har tuluna suka bugi juna, ɗaya ya danne min yatsa. Dogo ya taka totur har ƙasa, ta amsa da wani gurnani mara ƙarfi, ta mutu. Muka fara zamewa baya a kan tsakuwa. Ya ja birkin hannu da hannu biyu, na dira na rarumo dutse na cusa a bayan taya, ban san lokacin da na yi ba.

Manaja ya iso ya kafe babur. Na ɗauka zai ce to, ashe ba mai ba ne. Ya duba agogo, ya duba rana, ya ce, "Ga nawa man ma ta ƙi. Ke nan abin da aka ɗura mata a baya ya riga ya cinye injin."

Dogo ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, wato ko ta hau ko ta mutu, mu ne dai a ciki. Babu abin da zai fitar da shi sai a nuna ciwon da yatsa a ce ga shi.

Baba ya ɗaga kujera ya buɗe injin. Ya ciro fulogi ya sa Dogo ya murɗa makulli, wuta na nan shuɗiya. Ya taɓa lagireto, zafinsa daidai. Ya zare tiyon da ke kai wa kafireto mai, ya ce a sake murɗawa. Man ya fito ɗis, ɗis, kamar ana roƙonsa. Ya ce, "Famfo," sannan ya girgiza kai, don da hannunsa ya gwada famfon nan sau uku yana feso mai kamar me. Ya mayar da tiyon. Rana ta fara dukan tuluna. Manaja ya sake duba agogo ya ce saura minti ashirin a haƙura da madarar.

Baba ya miƙe yana goge hannu ya ce, "Dogo, auna min man nan in gani."

Dogo ya kama murfin ya murɗa. Sai tankin ya ja iska, wata doguwar shaƙa, fuuuu, kamar mutumin da aka daɗe da toshe wa hanci. Har jikin tankin ya yi ƙwas ya dawo daidai.

Na ji. Dogo ya ji, ya ci gaba da zura sandarsa, don kullum yana ji. Manaja ya ji, bai san ma'anarsa ba. Mutum ɗaya ne a kan tudun nan da ya san abin da ƙarar nan ke nufi, yana tsaye bai fi taku ɗaya da tankin ba, yana kallonsa, fuskarsa ba ta canza ba ko kaɗan.

Gwangwanin madara ya faɗo min a rai, mai huji ɗaya.

In na yi shiru, yanzu za a murɗa makulli ta tashi kamar kullum, ba wanda ya san dalili, Dogo ya ajiye makulli da sunan ɓarawo. In na yi magana, na kwance wa ubana zani a gaban mutumin da ya yarda da kunnensa shekara goma sha tara. Na so in matsa in raɗa masa, ya faɗa kamar shi ya gano. To amma yaya ake yi wa wanda ba ya ji raɗa?

Na matsa kusa, na ce da muryar da ba ta kai ƙarfi ba, "Baba, tankin ya ja iska."

Idonsa na kan sandar Dogo. Ya ce, "Madalla."

Manaja ya juyo ya kalle shi, ya kalle ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kama hannun rigar Baba na juyo da shi, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗaga masa ba, har tudun ya amsa. "Baba! Da aka buɗe murfin, tankin ya ja iska! Da ƙarfi! Ba ya numfashi!"

Na ga maganar ta shiga. Ya kalli bakina, ya kalli murfin da ke hannun Dogo. Sannan ya juya ga surukinsa.

"Kullum yana yi?"

"Kullum, Baba."

"Me ya hana ka faɗa min?"

Dogo ya rasa inda zai sa ido. "Baba, ai a hannunka ma ya yi. Duk zuwan da muka yi gareji, kai kake buɗewa ka shinshina. Na ɗauka ka ji, ka ga ba komai ba ne."

Baba ya karɓi murfin. Hannunsa ya ɗaga shi zuwa kunnensa da kansa, don sabo, sai ya tsaya a hanya. Ya miƙo shi wajen nawa kunnen ya girgiza.

"Me kika ji, Uwata?"

"Ba komai."

"Ya kamata ki ji ƙas-ƙas. Akwai 'yar ƙwaya a ciki, ita ke buɗe wa iska hanya. Tsatsa ta kama ta." Ya zaro hankicinsa mai tsabta, ya ninka biyu, ya rufe bakin tankin, ya ɗaure da roba. "Ta da ta. Kar ka ɗaga ƙafa sai ɗakin sanyi."

Akuya ta tashi da murɗa ɗaya. Ta ci ragowar hawan kamar ba ta ɗauke da komai, tsakuwa na tashi a bayanmu, Manaja na bin ƙurarmu. Ban saki numfashi ba sai da matar da ke gwajin madara ta tsoma abin gwajinta a tulu na takwas ta ce a shigar.

Ma'aikata sun taru a bakin ɗakin sanyi. Manaja ya karɓi murfin yana juya shi a hannu, yana dariyar wanda ya rasa abin cewa. Ya ce, "Wannan ɗan abin? Kai, kayan yanzu ba su da amana. Shi ke nan, Baba Kunne, tunda an gano." Hanya ya buɗe masa, kowa ya gani. Ya so a ɗora wa murfi laifi a tashi. Ni ma, Allah ya sani, haka na so.

Baba bai bi ta nan ba. Ya yi magana da ƙarfi, yadda masu irin lalurarsa ke yi ba su sani ba, har na cikin ɗakin sanyi suka leƙo.

"Ba kayan yanzu ba ne, daga akwatina ya fito. Ni na ɗaura shi. Na girgiza shi a kunne ban ji komai ba, na ɗaura, don na daɗe ba na jin irin wannan. Shekara biyu ke nan. Sau uku tankin nan na kuka a hannuna ban ji ba, na ce a duba mai. Madarar da aka zubar, ni na zubar. Wannan bawan Allah bai taɓa maka ko cokali ba." Ya juya. "Dogo, na ɗora maka abin da ba ka ɗauka ba. Ka yafe min."

Dogo ya durƙusa a wurin, duk tsawonsa, yana cewa, "Haba Baba, haba Baba." Manaja ya cire hula ya sosa kai, ya ce wa Dogo ya tashi ya riƙe makullinsa, shi ma a yafe masa. Ya ce wa Baba aikin gona na nan yadda yake. Baba ya kalli bakinsa har ya gama, ya ce, "A'a. Ka nemi mai kunne."

Haka aka yi. Motocin gonar wani ke duba su yanzu, ɗaya daga cikin 'yan cacan nan, kuma ba laifi yana ƙoƙari. Baba na buɗe rumfarsa kullum, masu tsofaffin motoci na zuwa, har yanzu Kunne suke ce masa, sai dai da ƙarfi. Inna ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata.

A ranar dai, bayan an watse, ya biyo ni gida ya zauna a kan bencin ƙofa, murfin na hannunsa. Na kawo masa shayi da gwangwanin madara. Na zauna ina jiran faɗa, don na san na cancanci faɗan. Ya huda gwangwanin, ya juya shi, ya huda ɗaya gefen.

Ya ce, "Uwata, yaya ƙarar take?"

"Wace ƙara, Baba?"

"Ta tankin. Yi min in gani."

Na tattara leɓe na ja iska a hankali, dogo, yadda tankin ya yi. Ya zuba wa bakina ido har na gama.

"Haka ne," in ji shi. "Haka take yi. Sake yi min."